Maganin Faffaɗar Tsutsa a Tankin Kifin Ruwan Gishiri

Ka ga jajayen ɗige-ɗige kamar tsatsa a jikin gilashi da murjani? Faffaɗar tsutsa ce, tana yaɗuwa ta hanyar rabewa biyu.

Fara zuƙe ta da siririn tiyo, don idan ta mutu da yawa gubarta kan kashe kifi. Sa gawayin tace ruwa a matata don ya tsotse gubar.

Sannan saka kifin Halichoeres chrysus guda ɗaya, ƙaramin kifi ne rawaya mai cin tsutsar. Yana buƙatar yashi mai laushi, kaurin santimita 5, domin a ciki yake kwana. Rufe tankin, gwanin tsalle ne. Dodon koɗin Chelidonura varians ya fi shi cin tsutsar, amma da ta ƙare yunwa za ta kashe shi, famfo ma kan tsotse shi.

A sanyin Jos, riƙe hita a digiri 25.