Gane Kuskuren Bugu da Lahanin Bayan Bugu a Tsofaffin Tsabar Kuɗi

Ana yawan tambayar yadda za a bambance kuskuren da aka yi wurin buga tsaba da lahanin da ya same ta daga baya, musamman daga masu tsintar tsofaffin tamma da dala a babbar kasuwar Maradi. Ga matakan:

1. Riƙe tsabar ta gefe.
2. Kada ka wanke ta! A nan ake tafka asara, toka da lemon tsami na cinye darajarta.
3. Karkata ta ga hasken rana, ka duba da gilashi mai ƙara girma.
4. Kalli layukan fuskarta. Wanda ya taso sama, tsagewar hatimi ce, wato ƙarfen da ake buga tsabar da shi, tun wurin bugu. Wanda ya nutse yana ƙyalli, karce ne kawai, ko me dillali ya faɗa.
5. Duba huji. Kwabon da Turawan Ingila suka yi wa Afirka ta Yamma da hujinsa na tsakiya aka buga shi. Huji a gefe kuwa aikin maƙeri ne, an yi abin wuya da shi.
6. Kwatanta ta da wata irinta, ta shekara ɗaya.