Yadda za ka ga ƙwayoyin halittar bakinka a madubin likita

Ni dai na fi son mai koyo ya fara da cikin kumatunsa, domin ƙwayoyin wurin faffaɗa ne kuma ba sa wuyar ɓamɓarowa.

Kurkure bakinka, ka goga auduga mai tsabta a cikin kumatu a hankali, sannan ka shafa ta a tsakiyar gilashin gwaji. Ɗiga ɗigo ɗaya na rinin metilin bulu, ka ba shi kamar minti ɗaya.

Wajen rufewa ne aikin yake. Kafa gefen siririn gilashin rufi a bakin ɗigon, ka kwantar da shi sannu-sannu. In ka sake shi gaba ɗaya, kumfar iska za ta maƙale, kuma sabon shiga yakan ɗauka ita ce ƙwayar, alhali baƙar da'ira ce kawai. Tsotse rarar rinin da takarda.

Fara da ƙaramin ido mai girmamawa sau 40, ka saita, kafin ka hau 400. Rage haske ma, don in ya yi yawa ƙwayar ɓacewa take.

Za ka ga fale-falen ƙwayoyi, faɗin kowace kusan maikiromita 50 zuwa 60 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da shuɗin ɗigo mai duhu a tsakiya. Wannan ita ce cibiyar ƙwayar. Rinin yana kama DNA, wato sinadarin gado, da ke cikinta. 'Yan ɗige-ɗigen da ke manne a jiki galibi bakteriya ne.

Kada ka wahalar da idonka neman ribosom, wato ƙananan sassan ƙwayar da ke haɗa furotin: madubin haske irin wannan ba ya rarrabe abin da bai kai maikiromita 0.2 ba. Wannan sai madubin ilektiron, wanda ya fi shi ƙarfin girmamawa nesa ba kusa ba. In ka gama, jefa audugar da gilashin cikin ruwan bilic.