Yadda ake ba injin da aka ƙara wa ƙarfi hanyar numfashi

Wata Asabar cikin hunturun bara aka jawo wata Civic da igiya daga gadar Kwangila zuwa garejinmu a Sabon Gari. Mai ita saurayi ne, irin 'yan wasan motan nan na ranar biki. Da ya ɗaga bonet, ko'ina baƙin mai ne, har kan batir, sandar gwada mai kuma ta yi tsalle ta fito daga raminta.

Ya ce, "Baba, inji ya buga ko?"

Na ce, "Tukuna dai, samari. Wa ya ɗaura maka turbo?"

Wai wani abokinsa ne ya ɗaura masa na'urar, wadda ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Aikin bai yi muni ba, sai dai tiyon da ke fitowa daga murfin bawul an cusa masa tsohon filogi an ɗaure da waya, don wai yana kawo mai cikin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska. Wato an toshe wa inji hanci, sannan aka ce ya yi gudu.

Duk inji, komai sabuntarsa, idan fetur ya kama wuta a kan fistin, wani ɓangare na hayaƙin yakan saci hanya ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda kiranshaf ke juyawa cikin baƙin mai. Hayaƙin nan yana ɗauke da tururin ruwa da fetur ɗin da bai ƙone ba. Idan bai sami mafita ba sai ya cika cikin inji, ya nemi inda ya fi rauni ya fasa: gasket ɗin murfin bawul, ko sil ɗin bayan kiranshaf, wanda sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Motocin da can bututu kawai ake saukar musu zuwa ƙasa, iskar gudu ta riƙa janye hayaƙin. A farkon shekarun 1960 aka soma sa bawul ɗin PCV a Kaliforniya ta Amurka, wanda ke amfani da zuƙar manifol ya mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone. Kamfani ya auna bawul ɗin da tiyonsa daidai da ƙarfin da ya ba motar. Kai da ka ƙara turbo, ko ka rage kan silinda don matsi ya ƙaru, ka ƙara hayaƙin amma ƙofa tana nan yadda take.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada lafiyar ringi. Auna matsin kowace silinda. Idan wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, matsalarka ba ta tiyo ba ce, inji za a buɗe. Ni kuma ina da wani gwaji na talaka. Ka samo tiyo mai haske ɗin nan da magina ke daidaita gini da shi, ka lanƙwasa shi kamar harafin U, ka zuba ruwa kaɗan, ka haɗa baki ɗaya da ramin sandar gwada mai. Tiyon ya zama dogo, kada inji ya zuƙe ruwan. Mota na sulo, ya kamata ruwan ya ɗan karkata wajen inji. In ya gudu ɗaya ɓangaren, iska ta cushe a ciki.

To, idan ringi lafiya lau, me za ka yi?

Abin da samari suka fi so shi ne a cire komai a sa ɗan ƙaramin filta mai launi a kan murfin bawul, hayaƙi ya fita waje. Yana da kyan gani a hoto, kuma ga motar da fili kawai take zuwa ta dawo, ba laifi. Ga motar hawa kullum a Zariya kuwa ba na ba da shawararsa. Filtan yana jiƙewa da mai, ƙurar hunturu ta manne masa, cikin 'yan makonni ya zama kamar an yaɓa masa laka, ka koma gidan jiya. Ga warin hayaƙi da ke shigowa cikin mota a cunkoson PZ. Babbar asarar ita ce ka rasa zuƙa. Zuƙar ce ke kwashe tururin ruwa daga baƙin mai, musamman ga mai gajeriyar tafiya daga Tudun Wada zuwa Kongo da sanyin safiya, inda inji ba ya samun yin zafi sosai. Sannan motar da ke da na'urar auna iska a bayan filta, in ka buɗe tiyon numfashi ɗaya a waje ka bar ɗayan a manifol, iskar da ba a lissafa ba za ta shiga, sulo ya lalace, ƙwaƙwalwar mota ta rikice.

Abin da nake yi wa yawancin masu zuwa wurina shi ne gwangwanin tarar mai, rufaffe, a tsakanin bawul ɗin PCV da manifol. Hayaƙi ya bi ta cikinsa, mai ya zauna, iska ta wuce. Amma gwangwanin da ba komai a cikinsa ado ne kawai, kuma irinsa ya fi yawa a kasuwa. Ka kwance shi ka leƙa. Bututun shiga ya gangara ƙasa, na fita ya kasance a sama, a tsakani kuma a sami faranti mai huji-huji da soson ƙarfe wanda ba ya tsatsa, mai kaurin nan na wanke tukunya. Kada ka sa mai laushi, yana marmashewa inji ya haɗiye. Masu walda a Panteka ta Kaduna za su haɗa maka na ƙarfen goran ruwa, wato alminiyam, mai cin rabin lita zuwa lita ɗaya in ka zana musu, ka ce su sa ɗan famfon zubarwa a gindi.

Mai turbo aikinsa biyu ne, kuma a nan ne abokin saurayin nan ya ɓata. Sa'ad da kake sulo ko tafiya a hankali, manifol zuƙa yake yi. Da ka taka totur turbo ya cika, sai manifol ya koma hurawa, kuma a daidai lokacin ne hayaƙi ya fi yawa. Saboda haka a kan hanyar manifol ka ƙara bawul mai barin iska ta bi gefe ɗaya kawai, bayan gwangwani, don tsohon PCV na roba yakan bar matsin turbo ya koma cikin inji. Sannan ka buɗe hanya ta biyu, babba, daga murfin bawul ta bi ta gwangwani na biyu ta shiga bututun da ke gaban turbo, bayan filta. Nan kullum akwai 'yar zuƙa idan turbo na aiki. Tiyon wannan hanya kada faɗin cikinsa ya gaza milimita 16. Ya kuma zama tiyon mai, mai zare a ciki. Na lagireto yana kumbura ya yi laushi in mai ya jiƙa shi, na gas ɗin girki kuwa ban ma so in ji zancensa. In ka bar mai yana bi ta turbo, zai shafe cikin intakula, wato na'urar sanyaya iskar da turbo ke turawa, ya kuma rage ƙarfin fetur wajen jure matsi, inji ya soma ƙwanƙwasa. Da irin fetur ɗin da wani lokaci muke samu, ba ka da rarar da za ka yi wasa da ita.

Masu Golf da Audi na zamani, waɗanda injekta ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, su ma su kula: fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shigar iska a irin injinsu, don haka man da ke biyo hayaƙi yakan daskare a wurin ya zama gawayi.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za ka gani a bidiyon 'yan tsere na Amurka. Ɗaya a soke salansa a karkace a haɗa bututu, gudun hayaƙi ya riƙa zuƙo na cikin inji; wannan sai salansar da ba tukunya, in akwai tukunya ba ya ja. Ɗayar kuma famfon zuƙa ne mai bel, wanda in ya yi yawa yakan hana mai isa ga fil ɗin fistin. Ban taɓa ganin motar da ke bin hanyar Funtuwa da ta buƙaci ko ɗaya ba.

Civic ɗin dai gwangwani biyu muka sa mata, muka sauya gasket, muka wanke inji. Na ce masa cikin hunturu ya riƙa zubar da abin da ya taru kowane mako, da bazara kuma duk sa'ad da zai juye mai. Bayan kwana 10 ya dawo da robar ruwa, a ciki wani abu kusan rabin kofi, launin shayi da madara, yana warin fetur.

Ya ce, "Baba, in mayar cikin inji? Ai mai ne."

Na karɓa na zuba a durom ɗin juye, na ce ya ɗaga bonet mu duba ko kilip ɗin tiyon baya ya saki.