Kurakuran da muke tafkawa wajen ɗaukar dokumentari a gidajen zamani

Babban kuskuren da nake ta gani, ni ma kuma na tafka shi a aikina na farko, shi ne mutum ya fita da niyyar dokumentari ya dawo da tallar dillalin gidaje. Diron, wato ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, ya tashi sama, kyamara tana ta shawagi daga falo zuwa kicin ga kiɗa mai sanyi a ƙasa, minti 10 sun wuce ba ka san wa ya zana gidan ba, me ya sa ya yi shi haka, su kuma masu kwana a ciki ya suke fama da shi. Gyaran wannan tun kafin ka taɓa kyamara ne. Ka nemi zanen gidan ka karance shi, ka zauna da akitek ɗin, wato wanda ya zana gidan, in yana raye, sannan ka tambayi masu gidan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, don a nan labarin yake. Gidan Villa Savoye da akitek Le Corbusier ya kammala a 1931 kusa da Paris, ba makarantar zanen ginin da ba a koyar da shi, amma a lokacin yoyo yake yi, matar gidan ta yi ta aika masa wasiƙun ƙorafi. Gidan Farnsworth kuwa na akitek Mies van der Rohe a Illinois ta Amurka, wanda aka gama a 1951, bangonsa duk gilashi, Mies ɗin da likitar da aka gina wa sai da suka gurfana a kotu. In ka ɗauko sheƙin gilashi kawai ka bar irin wannan, rabin labari ka kawo mana.

Sai maganar lens, wato gilashin bakin kyamara. Kowa na son mai faɗi sosai don ɗaki ya fito duka, to amma da ka ɗan ɗaga bakin kyamara sama sai ka ga bangwaye sun karkata kamar ginin zai kife baya, kuma gidan zamani gaba ɗaya kwalliyarsa a miƙaƙƙun layuka take, akitek na gani zai ɗauke kai. Ka ɗora kyamarar a kan ƙafarta, ka daidaita ta tsaf da ɗan ruwan awon nan, tsayinta wajen ƙirji, in ɗakin bai shiga ba ka ja baya ko ka raba shi shot biyu, wato ɗauka biyu. Kuma dan Allah a bar kyamara ta tsaya, ba dole ne kowane shot sai gimbal, mariƙin nan mai hana kyamara girgiza, ya yi yawo ba, sakan 8 ko 10 a tsaye ya fi wannan juye-juyen da ke sa mai kallo jiri.

Tagogi ma suna kunyata mutane. Ka saita haske don cikin ɗaki, waje ya ƙone fari fat, alhali don abin da ke wajen aka yi tagar tun farko. Rana tsaka ba lokacin wannan aikin ba ne, ka je gidan kwana ɗaya kafin ɗauka ka zauna kawai ka ga ta inda rana ke shigowa da ƙarfe nawa. Bayan faɗuwar rana akwai kamar minti 20 zuwa 30 da hasken waje da fitilun ciki suke zuwa daidai, kar ka yarda ka ɓata su wajen neman batir. Ka sa baƙaƙen kaya, ka riƙe filtar folaraiza, wadda ake maƙalawa a bakin lens don rage ƙyallin gilashi, in ba haka ba sai a wajen editin za ka tarar da kanka da yaran aikinka tsaye cikin gilashi kuna kallon kanku. In fitilun suna ƙyafta ido a hoto, shota ce, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, ba ta dace da bugun wutar lantarkin ba, ka sa ta a 1/50 inda wuta take 50Hz, 1/60 inda take 60Hz.

Sauti kuwa nan na sha wuya. Na taɓa yin hira ta kusan awa ɗaya a wani falo mai dogon rufi, kankare da tayil da gilashi, da makirufon kan kyamara, na dawo na saurara kamar a cikin rijiya dattijon yake magana, ga firij yana gurnani a bayansa. Ba abin da editin ya iya yi. Yanzu ƙaramin makirufo nake maƙalawa a kwala, in roƙa a kashe esi da firij, in shimfiɗa barguna a ƙasa inda kyamara ba ta gani, in kuma naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don cike giɓi.

Wani abin da ban gane dalilinsa ba shi ne korar mutane daga hoto. Gida wayam ba ya nuna girmansa. Hoton nan da mai ɗaukar hoton gine-gine Julius Shulman ya ɗauka a gidan Stahl na Los Angeles a 1960, mata biyu ne zaune a kusurwar gilashi ga fitilun gari a ƙarƙashinsu, cire su ka ga abin da zai rage. Ka bar mai gida ya hau bene, ya zuge labule, ya zauna inda ya saba zama.

Izini kuma a rubuce, ba na fatar baki ba, har da na tashin diron don ƙa'idarsa daban a kowace ƙasa. Lambar gida, lambar mota, inda kyamarorin tsaro suke, ɗakin yara, duk ka cire su, kuma ka nuna wa masu gidan fim ɗin su gani kafin ka ɗora a YouTube.