Dabarar rage wahalar rubuta rahoton duba gini

Assalamu alaikum abokan aiki masu zanen gine-gine. Ga abin da ya rage mini wahalar takardu a ofishinmu da ke Wuse, Abuja.

Duk ranar da na je duba gini a Gwarimpa ko Lugbe, kafin in shiga mota nakan faɗa wa waya abin da na gani ta mayar da shi rubutu: inda birkila ya kauce wa zane, kayan da suka ƙare, abin da muka tsayar tare da ɗan kwangila. Sai in liƙa wa ChatGPT ko Gemini, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI), in ce a tsara mini rahoto, a ware aikin kowa da ranar kammalawa. Aikin da nake kaiwa bayan isha'i a kansa, yanzu kafin la'asar ya isa hannun mai gini. Haka ma wasiƙar tunatarwa kan kuɗin aiki, wadda kullum nake jin nauyin rubutawa.

Amma don Allah ku cire sunan mai gini, lambar fili da kuɗin kwangila kafin ku liƙa wa manhajar, amana ce. Kada kuma ku dogara da waɗannan manhajoji kan tazarar gini daga titi, sukan ƙirƙiro adadi. Wannan ku tabbatar a sashen kula da gine-gine na Abuja, tunda hatiminku na ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, ne a kan zanen.