Kurakuran da ke sa bindigar farauta ta cuci mai ita

Duk lokacin da adaka, wato bindigar ɗuri, ta fashe a hannun maharbi, sai ka ji ana cewa tsautsayi ne, ko an yi masa asiri. Ni dai abin yana damuna, domin yawanci idan ka bincika, sakaci ne da aka daɗe ana tarawa.

Mafi muni shi ne fasa harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar ɗuri. Garin nan ba albarushin gargajiya ba ne. Ƙarfinsa ya zarce abin da bututun adaka zai iya ɗauka, balle wanda aka yi da bututun ruwa mai ɗinki a jikinsa. Babu wani awo da zai sa hakan ya zama lafiya. Kada a yi, ko da kaɗan ne.

Sai ɗuri kan ɗuri. Mutum ya dawo daga daji a gajiye, ya rataye bindiga da ɗurinta, bayan mako ya manta ya ƙara wani. Maganin ba shi da wuya: zura sandar ɗuri lokacin da cikin bindigar yake fanko, ka yi mata alama daidai baki. Ranar da alamar ta tsaya a sama, akwai abu a ciki. Haka kuma idan ɗurin bai zauna daram a kan albarushi ba, sararin da ya rage yana iya kumbura ƙarfen ko ya tsage shi.

Wanki kuwa nan ne aka fi ha'inci. Tokar albarushi tana jan laima, da damina kwana kaɗan ya isa tsatsa ta fara cin ƙarfen ta ciki, waje kuma yana ƙyalli. A wanke cikin da ruwan zafi a ranar da aka yi harbi, a busar sosai, sannan a shafa mai kaɗan. Kaɗan na ce, domin man da ya yi yawa yana gangarawa ya jiƙa katakon ƙota har ya yi laushi, da hunturu kuma ƙura ce ke manne masa. Kafin a fita a duba bututun bayan an tabbatar babu ɗuri: zanzaro yana son gina ɗakinsa a bakin bindigar da ta daɗe a rataye, kuma wannan ɗan laka ya isa ya fasa ta.

Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo ta ka leƙa. Albarushin da ya sha sanyi yakan yi jinkiri. Riƙe bakinta ga inda babu kowa, ka jira aƙalla minti guda.

Masu bindigar harsashi mai baki ɗaya ko baki biyu su karanta rubutun da ke jikin ƙarfen. Bindigar da aka yi don harsashi mai tsawon milimita 70 ba a cusa mata na 76, ko da ya shiga.

Bututun da ya tsage kuma ba a kai shi wurin mai walda. Ya gama aiki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai bindiga, ta kuma ɗaure gyara da ƙira da izini, don haka tambayi mai gyaran takardarsa kafin ka miƙa masa taka.