Tsohon tiyub maganin ƙaya a hanyar daji

'Yan uwa masu hawa keke a hanyoyin burji da gandun daji na kewayen Daura, kada ku yar da tsohon tiyub.

Ku yanke bawul ɗinsa, ku tsaga shi a tsaye, ku shimfiɗa shi cikin taya kafin ku sa sabon tiyub. Shi ke nan.

Ƙayar tsidau ce ta fi huda mana taya, kuma gajera ce. In ta ratsa taya, sai ta ƙare a wannan robar, ba ta kai wa iska. Da can kusan duk fita sai na tsaya wajen mai faci, yanzu nakan daɗe ban je ba.

Ku shimfiɗa shi sumul. In ya naɗe, shi da kansa zai goge tiyub ɗin har ya huda. Ku ɗan barbaɗa hoda a tsakaninsu.

Amma fa ƙayar aduwa doguwa ce, ita da ƙusa babu abin da ke tare su. Keken ma zai ɗan ƙara nauyi. Don haka famfo da kayan faci kada su bar jakarku.